Shagunan turi a Katsina: aikin yana kyau, amma a bincika foldar barkwanci kafin a miƙa wa yaro

Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya, bakin babbar kasuwa, tashoshin mota, har cikin unguwanni irin su Rafin Daɗi da Sabuwar Unguwa, da wuya ka yi tafiya mai nisa ba ka ga shagon turi ba. Tebur ne da kwamfuta, da rumbun ajiya biyu ko uku, da wayoyin haɗi rataye a ƙusa, lasifika na tashi. Ka miƙa memori ko waya, a zuba maka fina-finan Hausa, masu dogon zango, Indiya-Hausa, karatun malamai, waƙe-waƙe, wasannin ƙwallo da barkwanci. Galibi irin waɗannan shaguna suna haɗawa da cajin waya, wasu ma da sayar da memorin.

A gaskiya sana'a ce mai amfani, kuma ta cancanci yabo. Abin da mutum zai ƙona data mai yawa kafin ya sauke, a nan zai same shi cikin 'yan mintuna da kuɗin da bai kai na datar ba. Tsohuwa mai ƙaramar waya tana samun tafsiri ba tare da ta san mene ne intanet ba. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, abin da ke cikin memori shi ne kawai abin kallo da saurare a waya a waɗancan yankuna. Ta fuskar sauƙi da arha ba mu da ƙorafi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake zubawa ba tare da an tambaya ba, kuma za mu daɗe a kansa. Amma bari mu fara da kayan aikin.

Memorin da aka rubuta masa giga 16, wayarka za ta nuna kusan 14.8, mai 32 kuma kusan 29.8. Wannan ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masana'anta da kwamfuta. Cutar tana wurin memorin jabu, wanda cikinsa giga 4 ne ko 8 amma an gyara shi yana nuna 32 ko 64. Turi zai tafi lafiya, sunayen fina-finan duk za su bayyana, sai an koma gida a ga na farko-farko suna buɗewa, sauran kuwa sun ƙi. Dalili shi ne da ainihin cikinsa ya cika, abin da aka ci gaba da zubawa ba shi da wurin zama. Kafin ka bar shagon, buɗe fayil uku daga cikin waɗanda aka tura a ƙarshe, ka ja kowanne zuwa tsakiya da ƙarshe. Mai shagon da ya san aikinsa yana da manhajar H2testw a kwamfutarsa, wadda ke cika memori da bayanai ta sake karanta su, ta fallasa na jabu. Tana cin lokaci, shi ya sa ba kowa ke son yi ba, amma sabon memori ya cancanci wannan jiran. Nemi wanda ke da lamba 10 cikin da'ira a jikinsa. Ma'anarta yana rubuta aƙalla mega 10 a daƙiƙa.

Memori mai giga 32 zuwa ƙasa yakan zo da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Wannan ba ya damun mai ƙaramar waya, domin ita bidiyo mai nauyi ma ba ta iya buɗe shi. Abin da ya dace da ita 3gp ne ko mp4 mai 240p. Babbar waya kuwa 360p ko 480p ya wadatar. Sai bairos ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar inuwarta, wanda ke yawo daga memori zuwa memori a kwamfutar da ke karɓar na mutane da yawa a yini. Idan ka ga foldodinka sun koma masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna su, kuma kada ka yi gaggawar yin fomat: fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, mai gyara zai fito da su. Sannan zare memori ana cikin turi, ko ɗaukewar wuta a shagon da kwamfutarsa ba ta da batir, yana lalata fayil. Duk waɗannan matsaloli ne da ido ke gani, a koma shago a gyara.

Ga wadda ido ba ya gani. Mutum ya zaɓi fina-finai biyar, wuri ya rage, mai shago ya ce, "Alhaji, a cika maka da barkwanci? Yara na so." A ce masa to. Shi kuma ya ja folda guda ya zuba. Gajeren bidiyo na minti uku a 360p yakan kai mega 10 zuwa 15. Ke nan giga biyu kacal na ɗaukar bidiyo wajen 160, kimanin awa takwas na kallo. Mai shago bai kalle su duka ba, uba bai kalla ba, kuma yawancinsu an kwaso su ne daga TikTok da Facebook da YouTube, ba su bi ta hannun wata hukumar tace fina-finai ba. Wanda zai kalle su tas, ya maimaita har ya haddace, shi ne yaro ɗan shekara shida da aka ba waya don ya bar uwarsa ta yi girki.

Wanda ya zauna ya bi irin wannan folda zai ga fuskoki kaɗan ne ke ta dawowa. Bafulatanin da ya shigo birni bai san komai ba, ko kuma, a 'yan shekarun nan, wanda ke riƙe da bindiga. Buzu mai gadi da rawaninsa da shayinsa. Bamaguje da burkutu. Ɗan kabilar Ibo da ba ya ganin komai sai kuɗi. Bayerabiya mai hayaniya. Baƙauye mai wauta. Cikin gida kuma kishiya ba ta da aiki sai bin boka, matar uba muguwa ce, uwar miji fitinanniya, bazawara mai farautar mazan mutane, almajiri ɓarawon takalmi. Mai in'ina, kurma da wada kuwa jikinsu ne abin dariyar. Bidiyo guda ba komai ba ne. Amma idan Bafulatani ya fito sau ashirin kuma sau ashirin ɗin a matsayi ɗaya, yaro ya samu darasin da babu malamin da ya karantar da shi.

Hausa tana da sunan wannan abu tun kafin masana su sa masa nasu: kuɗin goro. Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna yadda yake shiga zuciya. A 1933 Daniel Katz da Kenneth Braly sun ba ɗalibai 100 na jami'ar Princeton a Amurka jerin siffofi 84, suka ce su zaɓi waɗanda suka dace da al'ummomi goma. Ɗaliban suka zayyana halin Turkawa, alhali da wuya a samu wanda ya taɓa zama da Baturke a cikinsu. A bakin mutane da rubuce-rubuce suka tsinta. Haka yaron Ƙofar Soro da bai taɓa zuwa ruga ba zai iya ba ka labarin "halin Fulani" dalla-dalla.

Yadda ake gina jimla ma yana da tasiri. A 2012 Marjorie Rhodes da abokan aikinta sun ƙirƙiro wasu mutane da babu su a duniya, suka ba yara 'yan shekara huɗu labarinsu ta hanya biyu. Wasu yaran an riƙa ce musu "wannan mutumin yana yin kaza", wasu kuma "mutanen nan suna yin kaza". Rukuni na biyu sun fi ɗaukar cewa halin a jinin mutanen yake, da shi aka haife su. To, barkwancinmu kusan duk da jimla ta biyu yake tafiya: "ai ka san Bagwari", "mata ke nan", "halin ɗan ƙauye". Harshenmu kansa ya riga ya ajiye irin wannan, domin kalmar gwaranci daga sunan wata al'umma aka cire ta, kuma muna faɗinta ba ma jin komai.

Akwai wani gwaji da ya fi kusa da halin da jihar nan ke ciki. A 1976 David Hamilton da Robert Gifford sun nuna wa mutane jimloli 39 game da ƙungiyoyi biyu. Babbar ƙungiya tana da 26, 18 na kirki da 8 na assha. Ƙaramar tana da 13, 9 na kirki da 4 na assha. Idan ka lissafa, kason ɗaya ne. Amma da aka tambayi mutanen daga baya, sai suka ɗora wa ƙaramar ƙungiyar laifin da ya fi wanda aka nuna musu. Abu biyu da ba a saba gani ba, wato baƙon mutum da mummunan aiki, idan suka haɗu sun fi maƙalewa a ƙwaƙwalwa. Ta'addancin da ya addabi Batsari, Jibiya, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa gaskiya ne, jinin da aka zubar na 'yan'uwanmu ne, babu mai hankalin da zai raina shi. Amma makiyayin da aka kore wa shanu a gefen dajin Rugu shi ma Bafulatani ne, mai tallar nono a kasuwar Ɓatagarawa ma haka, gidan sarautar Katsina tun daga Sarki Muhammadu Dikko a 1906 na Fulanin Sulluɓawa ne. Folda ba ta nuna wa yaro ko ɗaya daga cikin waɗannan. Muna cewa wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma a tukunya gaskiya ne. A kan mutane kuwa zalunci ne.

Masu shago da masu shirya bidiyon suna da amsa, kuma amsar tana da nauyi. Sukan ce wasa ne, kuma wasa tsakanin ƙabilu gadonmu ne. Haka ne. Katsinawa na wasa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, ga taubasai a cikin dangi, ga jika da kaka. Maƙwabtanmu na Nijar sun kai wannan al'ada har UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Sai dai a duba yadda wasan yake gudana. Mutum biyu ne ido da ido, kowa ya san sunan ɗan'uwansa. Ka tsokane shi ya rama, wani lokaci ramuwar ta fi zafi, a yi dariya tare. Akwai iyaka da kowa ya sani, kuma akwai haƙƙi a ƙarƙashinsa: abokin wasanka idan ya sauka garinku baƙonka ne. A cikin bidiyon an cire duk wannan. Bahaushe ne ya sa kayan wani, ya karya harshe, wanda ake kwaikwayo ba ya nan balle ya rama, mai kallo kuma yaro ne da bai san akwai wata yarjejeniya ba. Abin da ya rage izgili ne, wanda aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana ƙarara, har ta ambaci jifan juna da miyagun laƙabi.

Binciken Thomas Ford a kan barkwancin ƙasƙanci ya nuna wani abu da ya kamata iyaye su sani. Irin wannan raha ba lallai ta mayar da mai zuciya fara maƙiyi ba. Aikinta shi ne sassauta wa wanda dama yake da ƙyamar a ransa, ya ji cewa a wannan zama an yarda a wulaƙanta waɗancan. Shi ya sa haɗarin ya fi yawa a majalisar samari da ɗakin da yara ke kallo a taru. Kuma Patricia Devine ta nuna tun 1989 cewa ko wanda bai yarda da kuɗin goro ba, hoton da ya sha gani yana faɗo masa da kansa, sai ya sa hankali ya ture shi. Babba na iya turewa. Ɗan shekara shida bai kai nan ba.

Saboda haka hukuncinmu a kan shagunan ya rabu. Wajen turi da arha sun ci yabo. Wajen tantance abin da ya dace da yara kuwa yawancinsu ba su fara ba. Foldodinsu an raba su ne bisa nau'i ko sunan ɗan wasa, ba bisa shekarun mai kallo ba. Mai shago mai mutunci yana kiyaye batsa, wannan kowa ya san abin kunya ne. Amma bidiyon da ke mayar da kurma abin dariya ba ya cikin abin da ake ɗauka laifi, don haka yana wucewa. Ba mugunta ba ce, ba a taɓa nema daga gare su ba ne. Ɗan kasuwa kuwa abin da ake tambaya shi yake tanada.

Abin yi ba shi da wuya. Raba memori biyu, na manya da na yara; giga 8 ya ishi yaro. A shago kada ka yarda da "a cika maka". Faɗi abin da kake so da sunansa, wurin da ya rage a bar shi fanko. Idan kana son barkwanci, ce a sa shi a folda dabam, kada a watsa shi cikin sauran. A gida, kafin waya ta kai hannun yaro, zaɓi bidiyo ashirin daga wurare dabam-dabam na foldar, ba ashirin na farko ba. A manhajar VLC kana iya ƙara saurin kallo zuwa ninki biyu, ka gama cikin rabin awa. Kana kallo kana tambayar kanka: wa ake yi wa dariya, kuma don abin da ya aikata ne ko don abin da aka haife shi da shi? Yana da suna, ko sunan ƙabilarsa ne sunansa? Ya samu ya rama? Mutanensa sun fito a wani bidiyon a matsayin likita, malami, maƙwabci nagari? Idan biyar cikin ashirin sun faɗi, goge foldar gaba ɗaya, domin tsince ɗaya-ɗaya cikin 160 aiki ne da ba za ka ƙarasa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a goge daga gidan hotuna na waya a ɗauka an gama, alhali wasu wayoyin suna ajiye abin da aka goge a kwandon shara har kwana 30. Shiga ta manhajar fayiloli ka tabbatar. Sannan ka tuna da Xender: abin da ka goge yau, ɗan maƙwabta zai iya dawo da shi gobe cikin minti biyu. A WhatsApp ma a kashe saukar da bidiyo kai tsaye.

Mai data zai ce YouTube Kids ya fi. Yana da wani tsari mai kyau inda iyaye ke zaɓar tashoshin da yaro zai gani su kaɗai, kuma yana da agogon da ke rufe kallo. Amma abin Hausa a cikinsa kaɗan ne, yana cin data, kuma bai kamata a dogara ga matatarsa ta gane izgilin da aka yi da karin harshen Fulatanci ba. Ga yawancin gidajen Katsina shagon turi ne zai ci gaba da zama hanya, don haka gyaransa ya fi gudunsa amfani.

Gogewa kaɗai ba ta isa ba, domin yaro zai ji a makaranta da layi. Idan ya zo da "Fulani kaza ne", tsawa ba ta cire komai, tana koya masa ya daina faɗa a gabanka ne kawai. Tambaye shi wane Bafulatani, sunansa wa, sannan ka ambata masa waɗanda ya sani: mai kawo muku nono, malaminsa na Islamiyya, wataƙila kakarsa. Mayar da jimlar daga jam'i zuwa mutum guda, kamar yadda gwajin Rhodes ya nuna. Kuma abin kallo yana iya aiki ta ɗaya ɓangaren. Bayan Mohamed Salah ya koma Liverpool a 2017, masu bincike sun gano laifukan ƙiyayya sun ragu da kashi 16 cikin ɗari a yankin, kalaman ɓatanci ga Musulmi a Twitter daga magoya bayan ƙungiyar kuma sun ragu da kusan rabi. Mu da muka san zafin a yi mana kuɗin goro a ƙasashen waje, ya kamata wannan ya taɓa mu.

Kada dai a yi tsammanin abin al'ajabi. A Kaduna, Alexandra Scacco da Shana Warren sun haɗa samari Musulmi da Kirista a ajin koyon kwamfuta na mako 16, suka wallafa sakamakon a 2018. Ra'ayin samarin game da juna bai sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, waɗanda suka yi ajin gauraye sun fi adalci ga ɗaya ɓangaren a kan waɗanda aka ware su kaɗai. Ke nan abin da ya riga ya zauna a zuciya yana da wuyar fita ko da an zauna tare wata huɗu, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa rabin awar da uba ko uwa za su kashe a kan memorin ɗan shekara shida take da daraja.

Ga masu shago kuwa, akwai kasuwa a nan da ba a taɓa ba. Folda guda ta yara, wadda mai shago ya kalla da idonsa daga farko har ƙarshe: tatsuniyoyi, karatun allo, ƙirga da haruffa, shirye-shiryen dabbobi, da barkwancin da dariyarsa ke kan rowa ko ƙarya ko haɗama, halayen da ke cikin kowace al'umma. Giga huɗu ya isa a fara, wato kimanin awa goma sha shida a 360p, aikin mako guda idan ana kallon awa biyu da 'yan kai kullum lokacin da kasuwa ta lafa. A rubuta a allon ƙofar shago cewa akwai ta, a riƙa sabunta ta duk wata, kuma a ajiye ta a rumbu dabam don kada yaron shago ya cakuɗa ta da sauran.